Hakkin Kyanwar Da Ba Ta Da Mai Ita

A ƙasar Amurka, cikin Jihar Massachusetts, akwai wani ɗan gari a bakin kogin Merrimack wanda a ke kira Newburyport. A cikin shekarar 1992 an ƙiyasta kyanwoyi wajen 300 ne su ke zaune a bakin ruwan garin nan, tsakanin jiragen masunta da bayan gidajen sayar da abinci. Ba su da mai su. A nan aka haifi galibinsu, ba su taɓa kwana cikin ɗaki ba, kuma hannun mutum bai taɓa shafa bayansu ba. Da dare kukan muzurai ya hana mutane barci, da safe kuwa a tarad da 'ya'yan kyanwa idanunsu sun liƙe da ciwo, waɗansu ma sun mutu.

Sai waɗansu mutanen garin su ka haɗa kai, su ka shiga ɗana tarko. Duk wadda ta shiga, a kai ta wurin likitan dabbobi, ya yi mata aikin hana haihuwa, ya yi mata allura. Ƙanana da masu sabo da mutane, watau kamar kashi ɗaya cikin uku, aka samar musu gidaje. Sauran aka mayar da su bakin ruwa inda aka kamo su, aka riƙa kai musu abinci kullum, rani da sanyi. Haka aka yi ta yi har shekara 17. A cikin watan Disamba 2009 ta ƙarshensu ta mutu da tsufa, bakin ruwa ya zama ba kyanwa ko ɗaya, alhali ba a sa guba ba, ba a harba bindiga ba.

Labarin yana da daɗin ji. Amma mai hankali ba ya tsayawa ga daɗin labari, sai ya tambayi kansa: shin mutanen nan suna da ikon yin abin da su ka yi? Dabba ce tana zaman kanta, ba ta roƙi kowa kome ba. Aka yaudare ta da kifi ta shiga tarko, aka yanka cikinta, aka raba ta da zuriya har abada, sa'an nan aka sake ta kan titi. Jinƙai ne wannan, ko kuwa zalunci ne da aka lulluɓe da mayafin jinƙai?

Wa ya jawo abin?

Kafin a yanke hukunci ya kamata a san mafarin rigima. Kakar kyanwar gida ita ce kyanwar daji ta Afirka da ƙasashen Gabas. Sa'ad da ɗan Adam ya koyi noma ya gina rumbu, ɓera ya zo cin hatsi, kyanwa ta biyo ɓera, mutum kuwa ya ga amfaninta ya bar ta. A tsibirin Kubrus masu tonon kufai sun sami kabarin mutum da kyanwa binne kusa da shi, shekarunsa wajen 9,500. Daga baya matuƙan jiragen ruwa su ka riƙa ɗaukarta don ta tsare musu guzuri, su ne su ka kai ta Amurka da Ostareliya da tsibiran da Allah bai halicce ta a cikinsu ba.

Kyanwar titi kuma, in ka bi salsalarta, za ka iske wata kakarta a gidan wani ta ke. Ko mai gidan ya tashi ya bar ta, ko kuwa ta haihu ya ga 'ya'yan sun yi masa yawa ya zuba su cikin kwali ya kai bayan gari. Juji da mu ke tarawa da sauran tuwo da ƙashin kifi shi ne ya ciyad da jikokinta. Kun ga ashe mu ne mu ka kawo ta, mu ne mu ka yashe ta, mu ne kuma mu ke ciyad da ita ba da saninmu ba. Wanda ya kunna wuta ba ya cewa gobara ba ruwansa. Saboda haka ko wace hanya mu ka bi da ita, har da kawar da kai, za a tambaye mu.

Hanyoyi uku

Ta farko ita ce a ƙyale su. Mutane da yawa suna zaton wannan ce hanyar da ba ta da alhaki, amma bari mu duba lissafi. Kyanwa ta kan iya ɗaukar ciki tana 'yar wata huɗu ko biyar, cikinta kuwa wata biyu ne da 'yan kwanaki. A Jihar Karolina ta Arewa waɗansu masana sun bi diddigin kyanwoyin titi, su ka buga abin da su ka gani a cikin shekarar 2004: kowace haihuwa a kan sami 'ya'ya kamar uku, amma cikin kowane huɗu da aka haifa, uku sun mutu ko sun ɓace kafin su cika wata shida. Mota ta take waɗansu, kare ya yaga waɗansu, ciwo da yunwa su ka ɗauke sauran. Wanda ya ce a ƙyale su, to, ya yarda ke nan a riƙa haihuwa don mutuwa, shekara bayan shekara.

Ta biyu ita ce a kashe su. An daɗe a kan wannan a biranen Turawa, a kama a kai gidan ajiye dabbobi a yi musu allurar mutuwa, jahilai kuwa su sa guba, wadda ta kan ci kare da kaza da tsuntsu, wani lokaci har da yaro. Abin da ya hana wannan hanya biyan bukata cikin gari shi ne, juji yana nan. In an kwashe kyanwoyin wata unguwa, na maƙwabta su ka ji ba mai tsaron wurin, sai su kwararo, 'yan kaɗan da su ka tsere wa tarko kuma su sami abinci a wadace, 'ya'yansu su rayu. Ba a daɗewa sai a koma gidan jiya. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Ban da haka, tsofaffin da su ke ba kyanwoyi abinci, in sun san mai tarko kisa ya zo yi, ɓoye su za su yi.

Ta uku ita ce ta mutanen Newburyport. An fara gwada ta a Ingila tun cikin shekarun 1950, Danmak ta bi cikin shekarun 1970. A Amurka wata ƙungiya mai suna Alley Cat Allies, wadda aka kafa a 1990, ita ce ta yaɗa ta. Italiya kuwa doka ta yi a 1991, ta hana kashe kyanwoyin titi sai dai wadda ciwonta ya yi tsanani ko ba shi warkewa, ta kuma umurci hukumar lafiya ta yi musu aiki ta mayar da su cikin 'yan'uwansu.

Ga yadda a ke yi. A kan saba musu da cin abinci wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Ana gobe kamu a hana su abinci don yunwa ta kama su. Tarkon akwati ne na waya mai tsawo, kifin gwangwani a can ƙurya, da ɗan faifan ƙarfe a ƙasa. Da ta taka shi sai ƙofa ta faɗa. Nan da nan a lulluɓe akwatin da zane, gama duhu ya kan kwantar mata da hankali, in ba haka ba sai ta yi ta dukan waya har hancinta ya fashe. Likita ya yi mata allurar barci tun tana ciki. In muzuru ne a fiɗiye shi, aikin 'yan mintoci. In mace ce a cire mahaifa da ƙwan haihuwa a ɗinke. A yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, a ɗan yanke tsinin kunnenta na hagu don ko daga nesa a gane an gama da ita, kada a sake wahal da ita. Bayan kwana ɗaya ko biyu a kai ta daidai inda aka kamo ta a buɗe ƙofa. 'Ya'yan da ba su wuce mako takwas ba su ne a ke nema wa gidaje, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Wadda ta girma a titi da wuya ta yarda da ɗaki.

Masu cewa an taɓa halitta

Suka ta farko ita ce, haihuwa kyauta ce daga Mahalicci, wane ne mutum da zai raba dabba da ita? Wannan magana tana da nauyi, kada a yi mata dariya. Amma mu dubi garken gidanmu tukuna. Wane ne cikinmu bai san taure ba? Tun kaka da kakanni a ke dandaƙe bunsuru don ya yi ƙiba warinsa ya ragu, a ke dandaƙe sa don ya yi sanyin hali ya ɗauki kaya. Littafin Risala, wanda almajiran ƙasar nan su ke karantawa, ya halatta fiɗiye tumaki da awaki saboda gyaran namansu, ya kuma ambaci hani game da dawaki. Abin da za a fahimta shi ne, malamai sun auna amfani da cuta, ba su sa wa dukkan dabbobi hukunci ɗaya ba.

To, mu auna na kyanwa. Taure don tukunyarmu aka yi masa, da ransa kuma ya ke jin zafin, ba allurar barci. Kyanwa kuwa tana barci a ke yi mata, kuma wani rabo na amfanin nata ne. Muzurun da aka fiɗiye ya kan rage yawo da faɗa, ta wurin cizon faɗan nan kuwa waɗansu miyagun cututtuka su ke yaɗuwa tsakaninsu. Macen ta huta da goyo a kan goyo da ciwon mahaifa. Mutum ya kan yi baƙin cikin rashin magaji domin yana tunanin gobe, yana tunanin sunan gidansu; kyanwa lokacin barbara ne ya ke motsa ta, in an ɗauke motsin sai ta kama farautarta da barcinta a rana. Gaskiya ne ba a nemi yardarta ba. Amma makiyayi ma ba ya neman yardar saniya kafin ya kai ta a yi mata allurar rigakafi, kuma ba wanda ya ce ya zalunce ta. Mai iko a kan marar baki, abin da a ke nema gare shi shi ne ya yi abin da zai rage wahala, ya kuma yi shi ta hanya mafi sauƙi. A nan ina ganin tsoron dare ɗaya cikin keji da ciwon mako guda ba su kai nauyin 'ya'ya uku cikin huɗu da su ke mutuwa kowace haihuwa ba.

Masu cewa an sake yashe ta

Suka ta biyu daga masu tausayi ta fito. Su ka ce, kun kama ta, ta shiga hannunku, sa'an nan ku ka mayar da ita cikin sanyi da motoci. Ai wannan yasarwa ce ta biyu. Su ma suna da rabon gaskiya. Kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyad da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Darasin da ke ciki shi ne, da zarar ka sa hannu cikin rayuwar dabba, ka ɗauki amana. Wanda ya ɗana tarko ya bar kyanwa cikinsa a rana ya tafi kasuwa, ko ya kama mai shayarwa bai nemi inda 'ya'yanta su ke ba har su ka mutu da yunwa, ko ya sake ta a wata unguwa da ba ta sani ba, wannan ya ci amana ko da niyyarsa fara ce ƙal.

Saboda haka mayarwa ba ta zama daidai sai in akwai wanda ya ɗauki nauyin ciyarwa da duba marasa lafiya, da kama duk baƙuwar da ta shigo. Abin da ya sa aikin Newburyport ya yi kyau shi ne mutanen da su ka yi shekara 17 suna fita da kwano cikin ƙanƙara. Ɗana tarko aikin dare ɗaya ne, kowa ya iya. Ciyarwar nan ta shekaru ita ce ma'aunin mai gaskiya.

Hakkin tsuntsu

Suka ta uku ita ce mafi ƙarfi, ban kuwa ga wanda ya amsa ta sarai ba. Wuƙar likita tana hana haihuwa, amma ba ta cire farce. Kyanwar da aka yi wa aiki tana farauta kamar da, ko ta ƙoshi ma ta kan kama don ɗabi'a. Tuban muzuru ke nan, kaza a baki. A cikin 2013 waɗansu masana na Amurka su ka ƙiyasta cewa kyanwoyi suna kashe tsuntsaye tsakanin miliyan 1,300 da miliyan 4,000 kowace shekara a ƙasar, kuma galibin ɓarnar ta marasa mai su ce. An yi gardama a kan yawan, amma ko an raba shi biyu abin tsoro ne.

Dubi abin da ya faru a tsibirin Marion, mallakar Afirka ta Kudu, can cikin teku wajen kudu. A 1949 aka kai kyanwa biyar tashar duba yanayi don su kama ɓeraye. Kafin 1977 sun kai wajen 3,400, kuma an ƙiyasta suna cinye tsuntsayen teku wajen 450,000 a shekara, irin masu yin sheƙa cikin rami, waɗanda ba su san gudun kyanwa ba. A irin wannan wuri ba a iya jiran shekara 17. Hukuma ta shiga kashe su, ba ta gama ba sai 1991. Ostareliya ma, inda kyanwa ta taimaka wajen ƙarar da irin ƙananan dabbobi fiye da 20, ta yi shela a 2015 za ta kashe kyanwoyin daji miliyan biyu cikin shekara biyar.

Wani lokaci rigimar ta kan kai gaban alƙali. A Galveston ta Jihar Teksas, cikin 2006, wani masanin tsuntsaye ya harbe wata kyanwa da ya ce ya gani tana dakon wani ɗan tsuntsun bakin teku wanda irinsa ya yi ƙaranci. Ashe wani ma'aikacin gada ne ya ke ciyad da ita, har ya sa mata suna. Aka yi shari'a a 2007, mutane goma sha biyu da aka zaɓa su yanke hukunci su ka kasa haɗa baki, aka sallami ƙarar. Dukansu biyu tausayi ne ya motsa su. Ɗaya yana ganin rai guda mai ido da suna a gabansa, ɗayan yana ganin wani iri na halitta da in ya ƙare ba ya komowa.

A ganina kuskuren da ɓangarorin biyu su ke yi shi ne neman hukunci ɗaya ga ko'ina. Kyanwar da ke bayan mahauta a tsakiyar birni, tana cin ɓera da abin juji, hana ta haihuwa da ciyad da ita shi ne mafi kyau, har ga tsuntsayen ma, gama kyanwa goma da ba sa ƙaruwa sun fi talatin masu ƙaruwa sauƙi. Amma wadda ke bakin fadama ko tsibiri inda tsuntsu mai ƙaranci ya ke ƙyanƙyasa, ba daidai ba ne a mayar da ita. A ɗauke ta, a nema mata gida ko killataccen wuri. In duk an rasa, to, kisa marar azaba a hannun likita ya fi a bar wani iri na halitta ya shuɗe saboda kuskuren da mu ne mu ka yi. Wannan magana ba ta da daɗin faɗi, mai son kyanwa kuma ba zai gode mini ba. Amma tausayin da ya tsaya ga dabbar da mu ke jin daɗin kallo kaɗai, akwai son zuciya a cikinsa.

Rabin aiki

Akwai sharaɗi ɗaya kuma. Masu lissafi sun nuna cewa sai an yi wa aƙalla bakwai cikin goma na kyanwoyin wuri aiki, an kuma dawwama a kai, kafin yawansu ya soma raguwa. A birnin Rum an yi wa wajen 8,000 aiki tsakanin 1991 da 2000, aka sami ragi, amma kaɗan, domin mutane suna ta kawo na gidajensu suna zubarwa inda su ka ga ana ba da abinci. Masu binciken su ka ce in ba a wayar da kan masu kyanwar gida ba, kuɗin da wahalar sun tafi a banza. Ɗiban ruwa ne da kwando. Wanda ya kama biyu cikin ashirin ya tsaya, ya wahal da biyun nan, bai kuwa hana mutuwar ko ɗa ɗaya ba.

Maƙwabci ma yana da hakki. Mai 'yan tsaki da mai tantabaru, da wanda warin fitsarin muzuru ya dama, ba miyagu ba ne don sun yi kuka. Kafin a ɗana tarko a sanad da unguwa, kada a kama ta wani a yi mata aiki ba da izninsa ba. Wurin ciyarwa kuma a nisanta shi da ƙofar mutane, a kwashe saura kafin dare.

To, jama'a, ga inda na tsaya. Kama kyanwar titi a hana ta haihuwa halal ne ga hankali, har ma abin yabo ne, in an cika sharuɗɗa huɗu: a yi aikin a hannun likita ba da azaba ba, a game yawancinsu, a ɗauki nauyin waɗanda aka mayar har ƙarshen ransu, kuma kada a mayar da su inda za su ƙarar da wata halitta. In ɗaya ya faɗi, sai a sake shawara.

Wataƙila mai karatu ya ce garinsu ba likitan da zai yi wannan aiki, ko kuwa kuɗin ya fi ƙarfinsa. Duk da haka akwai abin da ke hannunsa. Ya rufe jujinsa. In kyanwarsa ta haihu, ya nema wa 'ya'yan gidaje tun suna ƙanana, kada ya kai su bayan gari cikin kwali, gama daga kwalin nan dukkan labarin nan ya ke farawa. In ya tashi ƙaura ya tafi da ita, ko ya danƙa ta hannun wanda zai riƙe. In kuwa akwai asibitin dabbobi kusa, ya je ya tambaya. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar marasa baki, amin.